Ƙwayar Gero a Gefen Hoto

Duk wanda ya taɓa zama a kan kujerar shagon Kolo mai hoto, nan gefen kasuwar Dole a Zinder, ya san halinsa. Kai ka zo a ɗauke ka hoton katin ɗan ƙasa, ka gyara hula, ka ɗaure fuska, shi kuwa sai ka ga ya saki baki yana kallon ƙudan da ya sauka a kafaɗarka. Mutum ne da ya ba hamsin baya, zuriyar Barebarin da suka daɗe a unguwar Birni, amma son ganin ƙwaƙwaf bai bar shi ya girma ba.

Abin ya ta'azzara ne ranar da yake goge wani tsohon gilashin kamara da ya gada wurin wanda ya koya masa aiki. Ya riƙe shi a juye, gaba ya koma baya, ya leƙa, sai ya ga zanen babban yatsansa ya tashi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Nan take ya cire gilashin da ke kan kamararsa, ya kifa wannan a bakinta a juyen, ya naɗe su da robar tayar keke. Tun daga ranar matarsa Larai ba ta sake samun sakat ba. Gishirinta, kafar allurarta, zaren zanenta, har ƙafar kiyashin da ya faɗa cikin sukari, babu wanda bai sha hoto ba. Ta ce masa mutane suna can suna ɗaukar amare, shi yana nan yana bin kiyashi. Ya ce ai amare duk kamarsu ɗaya da zarar an shafa musu hoda.

Ana tsakiyar damina, gero ya fid da kai, sai ga Nomau ƙanin Larai, manomi a wani ƙauye gaba da Gidimuni. Shi Nomau in ya shigo shagon, da tsiya yake farawa, ya ce mijin yayarsa yana cin abinci da fuskokin mutane. Rannan ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Ya zaro wani ɗan buhun algarara da bai fi tafin hannu ba, ya aje a kan tebur.

Ya ce, "Yaya Kolo, na jawo wa kaina magana."

Ga yadda aka yi. Bara murzuna ta gama da su, tsutsar nan da ke shiga zangarniyar gero ta bi ta tana zagayawa tana ci, har ta bar ta kamar sanda. Bana sai malaman gona suka zo da irin waɗannan 'yan buhuna, suka ce a rataye a itatuwan gonaki, kada kowa ya buɗe. Suka ce akwai wani ɗan ƙwaro a ciki mai kashe murzuna, zai hayayyafa ya riƙa fitowa ta ramukan saƙar buhun. Nomau ne ya karɓa a madadin gari, shi ya raba, shi ya bugi ƙirji ya ce ya tsaya wa abin. Malaman suka yi gaba zuwa wasu garuruwa, lambar da suka bari kuma ta ƙi shiga.

To, akwai Baba Tanimu, dattijon da gonarsa ke iyaka da ta Nomau, wanda bara ya fi kowa asara. Haƙuri ya gagare shi, ya kwance nasa buhun ya leƙa. Me zai gani? Tsutsotsi ne kwance cikin garin gero. Ya cinna masa wuta a wurin. Kuma tsakani da Allah wa zai ga laifinsa? Mutum yana kuka da tsutsa, an kawo masa tsutsa a ƙunshe an ce ya rataye bisa amfaninsa.

Nomau ya ce, "Mai gari ya yanke, ranar Juma'a in an sauko daga masallaci a tattaro sauran a ƙone. Murzuna kuwa ta riga ta fara, na gan ta a gonata. In aka ƙone, bana ma mun shiga uku."

"Kai ka ga ƙwaron da idonka?"

"Na ga wani ɗigo yana tashi. In na nuna musu sai su ce ƙwaron gari ne. Shi ya sa na ce ko foton nan naka na kiyashi zai yi rana."

Kolo ya ɗauki buhun ya kai shi kusa da ido, ya juya shi a gaban hasken ƙofa. A gaskiya ba tausayin Nomau ne ya fara kama shi ba. Abin da ya hana shi zama shi ne a ce akwai wata halitta a cikin tafin hannunsa da bai taɓa ganin fuskarta ba. Ya ce, "Ni ban ce kana da gaskiya ba fa. Amma sai na ga idon abin nan."

Ranar Alhamis suka shiga mota, suka wuce tafkin Gidimuni da dabinansa, daga nan suka hau babur cikin rairayi har ƙauyen. Kolo bai ko sha ruwa ba ya ce a kai shi gona.

A gonar ya sha wahalar banza. Gilashin da aka juya ba ya ganin komai sai an kai shi dab da abu, kamar za a shinshina. Ko an kai shi, abin da ke fitowa tangaram bai fi kaurin ɓawon albasa ba, duk abin da ke gaba da wannan ko bayansa hazo ne kawai. Ga iska tana kaɗa gero. Da zangarniya ta matsa kaɗan sai komai ya ɓace. Ya sa Nomau ya riƙe karan, hannun Nomau ya fi iskar rawa. Murzuna dai ya same ta, ga ta nan ta yi ɓul-ɓul tsakanin ƙwayoyi, amma ɗan ƙwaron ko alamarsa.

Suka koma gida. Kolo ya ari turmin matar Nomau ya kife shi a zaure, ya cika wata 'yar jaka da rairayi ya ɗora kamara a kai don ta daina motsi. Ya kifa kofin shayi a jikin ɗan buhun, ya yi ta jira har ɗigo ɗaya ya fito ta saƙar ya hau gilashin kofin. Ya rufe bakin da takarda, ya jingina kofin a gindin randa, saboda ya daɗe da lura sanyi yana kashe wa ƙwari jiki. Da abin ya yi laushi ya juye shi a hankali a kan turmi.

Ya matse ramin da haske ke shiga gilashin don kaurin abin da ke fitowa ya ɗan ƙaru, sai hoton ya yi duhu. Ya kunna filashi, sai hasken ya wanke fukafukan fari fat. Ya waiwaya yana neman abin da zai tausasa hasken, idonsa ya faɗa kan farar hular Nomau.

"Miƙo hular nan."

"Hulata ta Juma'a?"

"Yau Alhamis."

Ya kifa hular a kan filashin. Bai murɗa komai ba, shi kansa ya riƙa matsawa gaba da baya kamar mai gyangyaɗi, har idon ƙwaron ya fito, sai ya ɗauke numfashi ya danna.

Ya duba allon bayan kamarar. Dangin zanzaro ce, mace, jikinta launin zuma, idanu baƙi wuluk da ɗigo-ɗigo kamar saƙar rariya. Fukafukanta suna da jijiyoyi, ga gashi siri-siri a ƙafafu, ga wani tsinke a ƙarshen gindinta. Ta cika allon daga wannan gefe zuwa wancan. Duk tsawon shekarunsa yana ɗaukar mutane bai taɓa yin hoto mai kyan wannan ba, kuma ya sani. Murna ta ɗebe shi, ya suri kamara ya nufi gindin ceɗiya inda dattawa ke zama bayan la'asar, Nomau na biye da shi kai ba hula.

Ya yi sallama, ya durƙusa ya gai da mai gari, ya miƙa allon. Mai gari ya duba ya ja da baya. Na kusa da shi ya duba ya ce, "A'uzubillahi." Kamarar ta zagaya har hannun Baba Tanimu. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ido ya dubi Nomau.

"Wannan ka sa muka rataye a gonakin da matanmu da jikokinmu ke shiga?"

Kolo ya ce, "Baba, ai 'yar mitsitsiya ce, ni na ƙara mata girma."

"To in yanzu mitsitsiya ce, in ta ƙoshi fa? Fara ma da ƙanƙanta take farawa. Dubi mashin da ke gindinta."

Wani ya ce ko jaki ta harba sai ya kwanta. Wani ya ce daman shi tun da aka hana buɗewa ya san akwai magana. Kolo ya yi ta bayani, ya nuna da yatsu, ya rantse, amma duk wanda ya sake kallon allon sai ya ga dodo, kuma dodon ne ya fi bakin Kolo ƙarfi. Mai gari ya ce magana ta ƙare, gobe kowa ya kawo nasa.

A hanyar komawa Nomau ya karɓi hularsa, da suka kai ƙofar gida ya ce, "A da tsutsa kaɗai suke tsoro. Sannu da aiki, Yaya." Kunya ta rufe Kolo, irin wadda ya manta rabonsa da ita. Ya zo taimako ya ƙara wa wuta mai, kuma da hoton da ya fi so a duniya.

Da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba, ya sake kifa turmin. Shi kansa bai san me yake nema ba, amma akwai tambayar da ta hana shi sukuni: ita wannan 'yar abar, yaya take yi da tsutsar da ta ninka ta girma? Ya aiki Nomau ya karyo zangarniya mai murzuna, suka zaro guda da tsinken tsintsiya suka aje. Ya sauya gilashi, ya juya wani wanda bai kai na jiya ƙara girma ba, don tsutsar ta samu wuri. Yana cikin daidaitawa sai ƙwayar gero ɗaya ta faɗo daga zangarniyar, ta gangaro ta tsaya a gefe. Ya yi tsaki ya kai tsinke zai kawar da ita. Sai ya gan ta ta cikin gilashin, ƙatuwa, mai sheƙi, kamar kabewa.

Ya janye tsinken a hankali. Hoton katin ɗan ƙasa ba ya rikita kowa, domin kowa ya san girman kan mutum. Jiya kuwa ya nuna musu halittar da ba su taɓa gani ba, ita kaɗai a fili, babu komai kusa da ita da za su auna ta da shi. Amma a duk ƙasar Damagaram ai babu wanda za a koya wa girman ƙwayar gero.

Ya jera ƙwayar da tsutsar a layi ɗaya, nisansu da gilashi daidai, don kada ɗaya ta fito ɗaya ta shiga hazo. Ya sake kamo 'yar zanzaro daga buhun, ya kifa kofin shayi a kansu da ita a ciki. Suka zauna jira, Nomau ya miƙo hular da kansa ba a tambaye shi ba. Can sai ta sauko daga jikin kofin ta nufi tsutsar. Kolo ya ɗage kofin a hankali ya sa ido.

Ta zagaya ta tana taɓa ta da 'yan ƙahonninta. Ta ja da baya. Sannan ta lanƙwaso gindinta ta ƙarƙashin ƙafafunta har tsinken ya dubi gaba, ta matsa, ta soka. Tsutsar ta yi wani irin murɗewa ta watsar da ita. Kolo ya saki baki, ya manta sarai da akwai abin dannawa a ƙarƙashin yatsansa.

"Ka ɗauka?" in ji Nomau.

"Yi shiru."

Allah Ya taimake shi ta dawo. Wannan karon tsutsar ta riga ta yi sanyi, motsinta ya ragu. Ta hau gefenta ta sake lanƙwasa gindi, ya ɗauke numfashi ya danna, ya sake dannawa. Bai tashi daga wurin ba sai da tsutsar ta sandare, ya ga an jera mata waɗansu 'yan farare a haƙarƙari, waɗanda ido kaɗai ba zai taɓa gani ba. Ƙwai ne. Ya mayar da kofin ya rufe su, ya ce kada wanda ya taɓa turmin.

Da aka sauko daga masallaci aka tara buhunan a gindin ceɗiya, aka kawo kara. Nomau ya ɗauko turmin a ka da kofin a kife, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, mutane suna dariya. Kolo ya nemi izinin mai gari, ya wuce kai tsaye wurin Baba Tanimu ya durƙusa.

Tsohon ya dubi allon ya ce, "Dodon jiya ne. Yau kuma kabewa aka ba shi?"

"Gero ne, Baba. Ƙwaya ɗaya."

"Yaro, ina noma gero tun ba a haifi uwarka ba."

Kolo bai yi gardama ba, jiya ta koya masa. Ya roƙe shi ya zaɓo ƙwaya da hannunsa daga zangarniyar da Nomau ya karyo, ya aje ta da kansa a kan turmin. Ya ɗora kamara bisa jakar rairayi, ya buɗe ramin hasken, ya nuna masa inda zai sa ido. Ya ce kada ya murɗa komai, ya dai tura ta gaba kaɗan-kaɗan, in ya ga abu ya fito ya tsaya ya riƙe numfashi.

Baba Tanimu ya tattare riga ya durƙusa, yana gunaguni. Ya ce hazo kawai yake gani. Ya tura, ya wuce, ya dawo. Sai gunagunin ya tsaya. Ya ɗago kai ya dubi ƙwayar a kan turmi, ya mayar da ido, ya sake ɗagowa. Ya kai yatsa zai taɓa ta, ya ga farcensa ya shigo kamar bakin fartanya, duk tsaga da ƙasa, ya yi maza ya janye, sannan ya sake mayarwa don ya ƙara gani.

Ya ce, "Ikon Allah. Har da ɗan hanci gare ta."

Kolo ya ɗage kofin shayin ya juya masa kamarar. Ga murzuna a sandare da ƙwai a jikinta, ga 'yar zanzaron a kanta tana gyara fukafukai, ga ƙwayar gero a gefe ta fi ta kauri. Tsohon ya daɗe a durƙushe har mai gari ya yi gyaran murya. Bai ɗago ba ya ce, "To tsutsotsin cikin buhun fa?"

Nomau ya ce, "Malaman sun ce guzurin 'ya'yanta ne, Baba. Ba irin mai cin zangarniya ba ce."

Baba Tanimu ya miƙa hannu ya ɗauko buhu ɗaya daga tarin. Ya kwance shi, wannan karon a hankali, ya ɗan buɗe bakin. Tsutsotsin sun yi baƙi sun motse, kewaye da su waɗansu 'yan ƙunshi farare kamar an sa auduga. Ɗigo ɗaya ya tako ya hau bayan hannunsa, ya bi jijiya, ya tsaya, ya tashi. Tsohon ya bi shi da kallo har ya ɓace masa. Ya ɗaure bakin buhun da kyau, ya dubi mai gari.

"Ranka ya daɗe, a mayar da karan nan, a dafa tuwo da shi."

Daga nan sai layi. Kowa yana so ya ga ƙwayar geronsa, wani ya kawo gashin gemunsa, mai gari ya sa aka duba masa zaren rawani. Kolo ya tsaya yana ta faɗin a matsa a hankali, a riƙe numfashi, ransa fari ƙal. Da rana ta karkata kowa ya tsinci buhunsa ya nufi gona, tarin ya ƙare.

Baba Tanimu ne kaɗai ya rage a gindin ceɗiya, hannu biyu babu komai. Ya matso kusa da Kolo da ke kwance robar taya daga kamara, ya rage murya don kada Nomau ya ji.

"Kai da ka ga idonta. Abin nan, ta san iyakar gona?"

Kolo ya so ya ce masa a'a, amma bai gani ba, kuma abin da bai gani ba ba ya rantsuwa a kai. Ya ce, "Wallahi Baba ban sani ba. Gilashina ba ya ganin abin da ya wuce tsawon yatsa."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya juya zai tafi.

Nomau ya ji su sarai. Ya ɗauki buhunsa ya kama hanyar gona, su biyun suka bi bayansa ba tare da an kira su ba. Ya wuce gawon da ke tsakiyar gonarsa inda ya rataye shi da farko, ya ci gaba har aduwar da ke kan iyaka. Ya zagaya ta, ya zaɓi reshen da ya miƙa ta wajen geron Baba Tanimu, ya ɗaure buhun a nan.

Tsohon ya tsaya a ƙarƙashin reshen, ya ɗaga kai, ya kare rana da tafin hannu yana jiran ya ga ɗigo ya fito.